Filin Baƙi Ya Karɓi Malam Mutawakkil

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Mutawakkil Usuman, taubashina, kuma wanda ya kafa Ƙungiyar Gayya ta garinmu da ke bakin Kwara, a ƙasar Bagudo. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai daɗe yana jinya ba. Labarin ya same ni ina tsakar kasuwa.

Malam, na saba tsokanarka, kai kuma ka saba ramawa. Yau zan yi magana ba mai katse ni, kuma ban ji daɗin hakan ba.

Duk wanda ya bi hanyar tasharmu da damina bai nutse cikin taɓo ba, aikinka ya taka. Kai ka tara mu muka cike ramukan da marmara, muka yashe magudanan ruwa, muka dasa fitilu masu aiki da hasken rana a bakin masallaci. Ba ka iya tsayawa kana nuni da yatsa ba. Kwanon ƙasa kake ɗauka a ka da furfurarka, har kunya ta sa masu zaman shayi su taso. Ranar da keken Dela mai ƙosai ya kife cikin kwata, kai ka shiga har gwiwa ka ciro mata kaskonta, ka fito kana dariya kana cewa yau ka yi wankan sallah.

Amma akwai wani aikin da ba a cika ambatonsa ba. Idan ruwa ya cika, Kwara takan sauko mana da gawa daga wajen Benin: wanda jirgi ya kife da shi, wanda kogi ya ci yana su. Ba suna, ba dangi. Masunta kan aiko maka, kai kuma ka sanar da mai gari da hukuma, sannan ka zagayo gidajenmu kana cewa, "Ku taso, mun yi baƙo." A irin wannan lokaci ruwa ya yanke hanyar babbar maƙabarta, gawar kuma ba ta jira. Sai ka riƙa kai su wani tudu a bayan gari, wanda muka sa wa suna Filin Baƙi. Kai ke wanka, kai ke neman likkafani, kai ke shiga rami.

Shekaru suka ja. Ambaliya ta yi ta korar gari yana hawowa sama, har bayan gari ya koma tsakiyarsa. Ruwan sama ya shafe tudun kaburburan, fili ya zama fetal, tasha a gabas, kasuwa a yamma. Ƙananan yara ba su san labarin ba, amma ban taɓa ganin sun buga ƙwallo a wurin ba. Jakai masu jan amalanke kan kauce su bi gefe ba tare da an juya su ba. Kai kuwa da rana tsaka kake ratsa shi, kana karkacewa nan ka karkace can, kana sallama ƙasa-ƙasa. Na taɓa tambayarka ko suna amsawa. Ka dube ni ba ka yi dariya ba, daga ranar ban sake wannan wasan ba.

Bana ƙungiya ta yanke shawarar share filin, a shimfiɗa siminti, a gina rumfuna. Lauwali, sabon shugabanmu, ya kawo hujjarsa: mata na baje kaya a bakin titi, motoci na gogar su, kuma ba wanda zai iya nuna kabari ko ɗaya. Wasu ma suka ce tatsuniya ce, in an binne wani ƙasa ta daɗe da cinye shi. Ni ma bayan Lauwali na bi, kuma har yau ina cewa garin nan na bukatar rumfuna. Kai kaɗai ka ƙi. Ba ka ɗaga murya ba. Cewa ka yi, "Mutanen ga amana ce. Ba su zo da kowa ba, hannunmu sunka faɗo." Aka rinjaye ka, aka yi magana da mai gireda ya zo da motarsa ya share filin mako mai zuwa. Sai ciwo ya riga shi zuwa.

Muna cikin shirin wanka matarka, Malama Mariyamu, ta sa aka kira ni da Lauwali bakin ƙofa. Daga bayan labule ta gaya mana ka bar wasiyya: kada a kai ka babbar maƙabarta, a rufe ka a Filin Baƙi. Ta ce ana gobe za ka kwanta ka fita da turke, ka dawo ba shi, kuma inda muka ga turken nan ne wurinka.

Liman ya ce wurin dai maƙabarta ce in maganarka gaskiya ce, don haka ba laifi. Amma ya gindaya sharaɗi: muddin diga ta taɓa ƙashin wani, a mayar da ƙasa, a ɗauke ka a kai ka can. Na san abin da Lauwali ke tunani, don ni ma shi nake tunani. In muka haƙa muka ga ƙasa ce zalla, magana ta ƙare, gireda zai shiga.

Rana na tsaka muka fara haƙa. Kasuwa na ci, amma hayaniyarta ta yi ta raguwa har sai ƙarar diga kawai ake ji. Kowane sara sai na ji shi a ƙirjina. Ƙasa ta yi ta fitowa ja, mai tsabta, ba a taɓa motsa ta ba. Da muka kai kusan ƙugu, Lauwali ya karɓi fartanya ya shiga yana daidaita bango. Sai muka ga ya tsaya. Ya sa hannu ya share bangon dama, ga kawunan itatuwa a jere, baƙaƙe, sun ruɓe, irin waɗanda ake rufe kabari da su. Ya juya ya share na hagu. Su ne dai.

Mutum a damarka, mutum a hagunka, tsakaninsu faɗin mutum ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ba bana ka zaɓi wurin nan ba, Malam. Tun kana rufe su ka tsallake shi, kana tafe kana dariya da mu, kana ratsa gefen kabarinka kullum ba ka gaya wa kowa ba.

Lauwali ya fito daga ramin. Bayan mun rufe ka, shi da kansa ya kira mai gireda ya ce kada ya zo. Ƙungiya ta soma neman wani wurin rumfunan, filin kuma za mu zagaye shi da katanga.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Mariyamu, da 'ya'yanka Husna da Mudassiru, da 'yan ƙungiya baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ya jiƙan maƙwabtanka na dama da hagu, waɗanda shi kaɗai ya san sunayensu. Na rasa wa zan yi wa gaisuwarsu, Malam, don duk duniya kai kaɗai ne danginsu.