Rabin Fuska a Ƙwallon Tsumma

A tsohon Zongon Lome, tun kafin a tashi unguwar a kai mutanenta Agoe a bayan gari, an yi wata tela mai suna Assana. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu ya bar mata keken ɗinki da ɗaki guda mai ƙofa a bakin hanya. Mace ce mai tsoro, ita ma ba ta musun haka. Idan mota ta tsaya a ƙofarta sai ƙafarta ta tsaya a kan keken. Wani halinta kuma, ba ta zubar da ƙyalle, ko da bai fi tafin hannu ba.

Abokiyar zamanta 'yar kyanwa ce da ta tsinta a bayan rumfar masu kifi, 'yan makarantar gidan suka raɗa mata suna Minu. Don kada Minu ta dame ta da wawurar zare, sai Assana ta riƙa yi mata ƙwallo. Takan dunƙule ƙyallaye, ta cusa kan busasshen kifi a tsakiya, ta rufe da tsumma mai kauri ta ɗinke tam. Matan gidan suna mata tsiya, wai ta rasa wanda za ta yi wa ɗinki kyauta sai mage.

Zamanin jam'iyya ɗaya ne. Duk bikin da za a yi, mata sukan fita rawar yabo da ankon atamfa mai hoton Shugaban ƙasa a cikin da'ira, kuma teloli ke cin kasuwar. Sai dai atamfar tana da dokokin da ba wanda ya rubuta amma kowane tela ya sani. Fuskar ba ta faɗawa a mazauni, ba ta juyawa kai ƙasa, almakashi kuma ba ya ratsa ta. Ana yanka ne a kewaye ta, ko da yadin zai yi asara. Kowa a Zongo ya san Buraima mai tsire, wanda aka ce ya naɗe nama a jarida mai hoton. An tafi da shi, ya dawo ba ya ji da kunnen hagu, kuma bai taɓa faɗin inda aka kai shi ba.

Wata safiya Assana tana yanka ankon Madam Ayele, shugabar matan rawa ta unguwar Hanukope, matar wani jandarma, wato ɗan sandan soja. Minu ta daka tsalle kan teburin tana bin igiyar awo, hannun Assana ya goce. Da ta duba, almakashi ya raba fuskar biyu daga goshi har haɓa.

Rabi ɗaya ta samu ta lanƙwasa shi a cikin kalmasar zanin, ba mai gani. Ɗaya rabin ya saura a hannunta, ido ɗaya da rabin baki. In ta zuba a bola, wani zai tsinta. In ta ce ta ƙona, murhun gidan a tsakar gida yake, idon kowa a kai. Masai kuwa ko tunaninsa ba ta yarda ta ƙarasa ba. Sai idonta ya faɗa kan Minu. Ta naɗe kan kifi a cikin rabin fuskar, ta lulluɓe da ƙyallaye, ta ɗinke da zare riɓi biyu. A ganinta ta yi dabara.

Ranar karɓar ɗinki Madam Ayele ta zo da karenta Bobi a igiya. Ta san mutanen Zongo da ƙyamar kare, don haka ta ɗaure shi a bakin ƙofa. Tana cikin gwada riga, Minu ta make ƙwallon ya gangara waje, Bobi ya cafe. Madam ta yi dariya har da riƙe ciki. Da yaren Mina suke magana, ta ce karen nan yana da ƙashin roba da zoben roba, duk na kanti, ko kallonsu ba ya yi, ga shi ya mace a kan tsumma. Assana ta ce na mage ne, ya yi datti, a bari ta ɗinka masa sabo. Madam ta ce ai dattin yake so. Ta ja igiya suka tafi, ƙwallon yana bakinsa.

Assana ta san haƙorin kare ba irin na 'yar kyanwa ba ne. Zarenta ba zai kai ko'ina ba. Ranar ta yi sallah ba ta san raka'ar da take ba, duk wanda ya yi sallama sai ta zaci ita aka zo kamawa. Ba ta iya gaya wa kowa ba, don a lokacin ba ka san kunnen wa maganarka za ta kwana ba.

Washegari ta yafa mayafi ta nufi wani kantin Turawa a can wajen babbar kasuwa. Ita da ke tsallake titi idan ta hango kare, yau ga ta tana tambayar abin wasansa. Mai kantin ya maimaita tambayarta da Faransanci da ƙarfi, sauran masu sayayya suka juyo. Ta karɓi jan ƙwallon roba mai ƙara idan an matsa, ta ƙulle a bakin zani ta kama hanyar Hanukope.

Abin da take gudu shi ta tarar. Jandarman yana zaune a gindin mangwaro da singileti yana goge takalminsa, Bobi yana kwance a ƙarƙashin kujerarsa yana tauna ƙwallon. Tsumman waje ya riga ya yage, ƙyallaye sun fara leƙowa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya wa Madam da ke gefensa tsaraba ta kawo wa Bobi, a ba ta tsohon don Minu ta ƙi cin abinci. Ta matsa robar ta yi ƙara. Bobi ya ɗaga ido ya dube ta, ya koma kan aikinsa.

Jandarman ya ji daɗin wannan ƙwarai. A lokacin ana ta kiran jama'a su bar na Turawa su koma ga na gida, sai ya ce su gani, karensa ma ɗan kishin ƙasa ne. Assana ta yi dariya tare da shi, idonta a kan ƙwallon. Ana cikin haka Bobi ya danne ƙwallon da ƙafa ya fizga, ƙyallaye suka watse. Ya kwashe kan kifinsa ya yi gefe, ya bar abin a shimfiɗe, idon nan ɗaya yana kallon sama.

Madam ce ta fara gani. Dariyarta ta yanke, ta taka shi da silifas ta tsaya a kai. Assana tana durƙushe, don haka ita kaɗai ta ga abin da ta rufe. Madam ta tuna wa mijinta zai makara, ya miƙe da takalminsa ya shiga ɗaki. Sai ta sunkuya ta ɗauka, ta cusa a tafin Assana ta matse yatsunta a kai.

“Amariya,” ta ce a hankali, haka take kiran duk macen Zongo, “karen namu ne, gidan namu ne. Idan aka gani, shi za a fara ɗauka kafin ke. Fita da shi.”

“Madam, ina zan kai shi?”

“Kada ki gaya mini.”

Haka Assana ta taka har Zongo da hannu a dunƙule, yawun kare yana bin tsakanin yatsunta, ba ta buɗe ba sai da ta rufe ƙofa. Ta wanke hannunta, ta wanke ƙyallen, ta shanya a ƙarƙashin gado. Madam Ayele ba ta sake kawo mata ɗinki ba, amma Assana ta sha hango ta a gaban masu rawa da zanin nan, kuma ba ta taɓa gaya mata abin da ke cikin kalmasarsa ba.

Ba ta ƙara ɗinka ƙwallo ba. Ta ba Minu na robar, Minu ta shinshina ta yi tafiyarta. Rabin fuskar kuwa, da ya bushe ta farke matashin kanta ta tura shi cikin auduga ta ɗinke. Ranar da aka tashi Zongo, mutane suna rububin fitar da akwatuna da tukwane, ita matashin ta fara ɗauka, sannan ta koma ta ɗauko mage da keke.