Haƙoran Kawu Lute

A duk Algodones, garinmu na Meziko da ke bakin iyakar Amurka, babu wanda ya kai Kawu Lute iya jawo giringo, wato baƙon Bature, cikin asibitin haƙori, kuma shi kansa ba shi da haƙoran gaba. Na sama duk sun tafi tun ina firamare, ranar da babur ya watsar da shi a hanyar Mexicali. Sunansa na gaskiya Eleuterio Barraza, yayan mamata ne, amma abokan aikinsa na bakin titi Wawulo suke ce masa, yana amsawa.

Aikinsa tsayuwa a ƙofar asibitin Dakta Nicanor. Da zarar tsofaffin Amurka da Kanada sun ƙetaro iyaka da hulunansu da sandunansu, sai ya tare su da Turancinsa na titi, hannu ɗaya a kan baki kamar mai tari. Ni kuma ina teburin karɓar baƙi a ciki, don haka komai a idona ake yi.

Dokar gidan ita ce, ba a taɓa bakin baƙo sai an ba shi kiyasin kuɗi a rubuce. A ɗauki hoton bakinsa, a ba shi kofi, a buga masa takarda: cirewa kaza, dashe kaza, ga ranar da za a fara. In bai yi masa ba ya ninke ta ya tafi asibitin gaba, babu mai fushi. Ni nake buga takardun nan, kuma na rantse kullum sai raina ya ɓaci. Mutum ya zo daga wata ƙasa, bai san sunan kowa ba, kafin kofinsa ya huce ya san inda ya tsaya. Mu 'yan gari kuwa sai "za mu daidaita".

Kawu ya fi ni jin abin. Ya kan bi bayan tsohon da ya fito da sababbin haƙora da kallo har ya sha kwana.

"Dubi wannan," in ji shi wata rana, ya leƙo ta taga. "Ƙafa ɗaya a kabari, amma bakinsa kamar na ango. Me zai tauna da su? Kunu?"

"Kawu, kai ka kawo shi fa."

"Shi ne abin haushin, 'yar nan. Ni na kawo shi."

Matsalarsa ita ce Dakta Nicanor kompadre ɗinsa ne, wato Dakta ne ya riƙe wa Kawu 'yarsa ta fari ranar baftisma. Tsakanin kompadre da kompadre kuwa ba a cewa nawa ne, rashin kunya ne. Duk sanda Kawu ya shafa baki ya yi gyaran murya, sai Dakta ya dafa kafaɗarsa.

"Haba kompadre, ni da kai har sai mun yi maganar kuɗi? Bari baƙin nan su ragu, za mu daidaita."

Baƙi su ragu lokacin zafi, Dakta ya tafi hutu bakin teku. Ya dawo, sanyi ya shigo, baƙi su cika. Haka shekaru suka yi ta wucewa. Kawu bai san ko kyauta ce ba, bai san ko rabin kuɗi ba ne, balle ya san me zai fara tarawa. Zuwa wani asibitin kuma cin amana ne. Ga masu gyaran haƙori a kowace kwana, shi kaɗai ne ba shi da inda za shi.

Matarsa, Gwaggo Chayo, ta gaji da yi masa naman da aka daka a tako, wainar masarar da muke naɗe nama a ciki.

"Kai tsoho, ka tambaye shi mana. Baki gare shi, baki gare ka."

"Ke tsohuwa, nawa bakin ai rabi ne."

"To ka zauna. Ni dai na daina yanka maka tako ƙanana kamar na jariri."

Sai bara Dakta ya ɗauko sabuwar manaja daga Tijuana. Satinta na farko ta tsaya ta kalli Kawu yana yi wa wasu baƙi dariya, ya manta bai rufe baki ba. Ta kira shi gefe, a gabana, ta ce kafin baƙin sanyi su fara zuwa ko dai ya gyara bakinsa, ko ya koma baya wajen fakin motoci. A baya babu kamasho. A ƙofa za ta sa wani saurayi mai haƙora reras.

Washegari Kawu bai tsaya a ƙofa ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya shigo ta gaba, ya zauna tsakanin wata tsohuwa 'yar Kanada da mijinta, ya harɗe ƙafa.

"Kawu, lafiya?"

"Rubuta sunana. Kuma ina kofina?"

Na rubuta, na kawo masa kofi. Da layi ya zo kansa na bi shi ciki da fayil, don ba zan bari a ba ni labari ba. Dakta ya ɗago ya fashe da dariya.

"Kompadre! Yau kai ne da kwalliya haka?"

"Ina kwana, likita. Haƙoran sama nake so. Nawa ne?"

Dariyar ta tsaya.

"Likita? Ni kake ce wa likita?"

"Haka na ji baƙi suna cewa."

"Lute, kyauta fa na yi niyyar yi maka."

"Na sani. Amma kyautar ba ta da rana. Wancan tsohon da ya fita yanzu, ko sunanka bai iya faɗa ba, an ba shi Talata. Ni ma Talata nake so."

Dakta ya daɗe yana kallonsa. Sai ya juyo gare ni ya ce in ɗauki hoton bakin "Don Eleuterio", irin kiran girmamawar da ake yi wa bare, in buga masa kiyasi. Na tambaya wane farashi. Ya ce farashin da ke bango, na kowa.

Ko peso ɗaya bai rage ba. Na miƙa wa Kawu takardar. Kawu ya karanta ta a tsaye, ya yi fito ta cikin giɓinsa, ya ce ashe tsohuwar motarsa ma za ta biya. Ya sa hannu. Da yamma ya sayar da motar.

Ni ra'ayina, kuma duk wanda zai zage ni ya zo, a tilasta wa kowane likita ya rubuta farashi kafin aiki, ko ga uwarsa ne. Da an yi haka, da Kawu bai sai ya zaɓa tsakanin bakinsa da amininsa ba.

Aikin ya yi kyau, Dakta bai yi masa ha'inci ba. Kawu yana nan a ƙofa, yana dariya da hannuwa biyu a aljihu, manaja ta bar maganar fakin motoci. Amma har yau "Don Eleuterio" Dakta yake ce masa. Da rana yakan fito ya wuce shi, ya tsallaka titi cin tako da mai kantin magani na kusa da mu. Kawu ya tsaya yana kallon su suna raba lemo.

"Dubi wancan," ya ce mini jiya. "Ko baftismar kare bai taɓa zuwa ba, wai shi ne abokin cin abinci."