Shinkafar Inna da Saƙon da Ya Makara

Abubuwa da yawa sun wuce ta gabana a rayuwa kamar ruwan kanal na noman rani, na kalle su suka tafi ban riƙe komai ba. Amma abin da ya faru tsakanina da wayata a wani rani, shekarun baya kaɗan, ba na jin zai taɓa barin zuciyata. Har yau idan na ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa, sai kunnena ya fara jiran ƙarar shigowar saƙo.

A lokacin na gama karatun koyarwa, na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure ina koyarwa a firamare, ina kuma ɗan rubuta waƙoƙi a gefe. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ce shugabar matan unguwarmu masu turara shinkafa. Su sayo shanshera, wato shinkafa mai bawo, a hannun manoma, su jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, da safe su tsame su turara a ganga, su shanya, sannan a kai inji. Aikin yana da tsarinsa. Idan shinkafa ba ta kwana a ruwa ba, ba ta turaruwa, a inji sai ta kakkarye. Idan kuma ta wuce lokacinta a ruwa, sai ta yi tsami, ba mai saye. Na tashi ina ganin Inna a tsugune gaban murhu, idonta jajur, hawayen hayaƙi na bin kumatunta, tana sharewa da bakin zani tana cewa ba komai.

A ranin nan wata ƙungiya mai tallafa wa mata ta shigo yankinmu. Za ta raba sababbin tukwane masu rariya a ciki, da murhu mai bututun da yake fitar da hayaƙi sama. Sharaɗinsu shi ne za su zo su ga aikin kowace unguwa da idonsu, tun daga tsamewa har turarawa, kuma za su sanar ana gobe za su zo, ta imel. Ni kaɗai ce mai imel a kusa da matan, don haka aka ba da nawa. Inna ta ce mini, "Auta, ke ce kunnenmu. Da kin ji ƙara, ki ce a ɗora ruwa."

Na amsa da ƙarfin gwiwa, don na san wayata. Saƙo bai taɓa shiga ba tare da ta yi 'yar ƙararta mai kama da ɗigon ruwa a kwano ba.

Ana cikin jiran ne wayar ta nemi a sabunta ta. Na hau gefen kanal inda sabis ya fi ƙarfi, na zauna ina kallon balbelu suna sauka a gonakin shinkafa har ta gama. Ta tashi da sababbin launuka, rubutunta ya ƙara kyau, na dawo gida ina murna kamar an yi mini sabon ɗinki.

Wutar lantarki a wajenmu baƙuwa ce, don haka muna da namu tsarin. Babban wana, wanda nake kira Yaya, yana da injin ban-ruwa mai sola a gonarsa ta tumatir. Kullum bayan azahar sai ya tattara wayoyin gida a wata tsohuwar jakar taki, ya tafi da su gona ya jona, da magariba ya dawo da su cike. Ni ma haka nake miƙa tawa idan na dawo daga makaranta.

Wata Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina wanki, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata Hajiya mai farin gilashi ta yi sallama, da abokan aikinta a bayanta. Ta dubi gangunan Inna a kife, murhu ba ko toka mai ɗumi, ta ce, "Inna, ba ku ga saƙonmu ba? Tun jiya da safe muka turo."

Inna ta juyo ta kalle ni. Na goge hannuna, na ɗauko wayar, na buɗe imel. Ga saƙon nan a zaune a sama, da ranar jiya a jikinsa, kamar baƙon da ya kwana a zaure ba wanda ya sani.

Kafin ka ce me, mata sun cika gidan. Gwaggona, ƙanwar Baba, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta tafa hannu ta ce, "Malama, ke da kike rubuta wa tsuntsaye waƙa, ko ɗaya bai kawo miki labari ba?" Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Hajiyar ta ga halin da ake ciki, ta ce za su sake biyowa ta yankin a mako mai zuwa, kuma daga nan sun rufe. Ranar ba ta tabbata ba tukuna, za su turo saƙo ana gobe, kamar dai wancan.

Bayan sun tafi Gwaggo ta kawo shawara: a riƙa jiƙa shinkafa kullum, duk ranar da suka zo a same ta. Inna ta girgiza kai. Wa yake da shansherar da zai riƙa zubawa a ruwa a kan tsammani? Itacen fa? Wajen shanyar fa? Sai ta juyo gare ni a hankali ta ce, "Auta, wayar nan za ta gyaru, ko mu nemi wani kunnen?"

Na ce, "Za ta gyaru, Inna. Ki bar ni da ita."

Yanzu idan na tuna, ina mamakin natsuwar da na yi maganar da ita. Ban san inda matsalar take ba, amma na san abu ɗaya: wayar da ta yi shekara tana sanar da ni ba za ta yi shiru haka kawai ba. Wani abu ne ya canja, kuma abin da ya canja kwanan nan ɗaya ne, sabuntawar nan.

Na kira wata ƙawata da muka yi karatu tare, tana zaune a Kumbotso, na ce ta zama abokiyar gwajina. Duk lokacin da na yi mata filashin, ta turo mini imel. Ta ce, "To, uwar mawaƙa, me zan rubuta?" Na ce ko gaisuwa ce ta wadatar.

Zargina na farko sabis ne. Na koma gefen kanal, inda sandunan sabis suke cika, na yi mata filashin, na ajiye wayar a cinyata ina jira. Ruwa yana ta wucewa, wani Bafulatani ya shayar da shanunsa ya tafi, wayar ba ta ce uffan ba. Da na buɗe imel ɗin na ja shi ƙasa da yatsa, sai ga gaisuwarta ta faɗo. Ashe saƙo yana iya zuwa, amma sai na je da kaina na ɗauko shi. Sabis ba shi da laifi. Kuma ba zai yiwu in tare a bakin kanal ina jan waya ba, ga aji yana jirana, ga data tana ƙonewa.

Na shiga saiti. Na duba ko sabuntawar ta kashe sanarwar imel, na same ta a kunne, da ƙararta da komai. Na duba inda waya take ɗauko saƙonni da kanta, shi ma a kunne yake, na kashe na sake kunnawa. Na share tarkacen da manhajar ta tara, na kashe wayar baki ɗaya na tayar da ita. Bayan kowane mataki sai in yi wa ƙawata filashin. Ta gaji da gaisuwa ta koma tsokana: "Malama, ki sayar da ita ki sayi tattabara." Wannan ma sai da na ja da yatsa ya fito.

Washegari da magariba Yaya ya dawo da jakar wayoyi. Yana miƙo mini tawa ya ce, "Auta, wayar nan taki ta fiye surutu. Da na jona ta sai ta kama ƙara a jere kamar kwaɗin kanal. Ba ta haka da."

Na tsaya cak. "Yaya, da ka jona ta?"

"Ina sa mata igiyar caji, sai ta fara."

"To ina saƙonnin? Ni ban taɓa ganin komai a fuskarta ba."

Ya sosa ƙeya. "Ni fa ba na karanta saƙon ƙanwata. Kawar da kai nake, in share su da yatsa don ta yi shiru. Ina ruwana da wanda yake rubuto miki?"

Dariya ta kama ni, har Inna ta leƙo daga madafa. Yaya yana can yana kare mutuncina, yana zaton wani saurayi ne ya dame ni, ashe saƙon tukwanen Inna ya share ranar Juma'a. Amma maganarsa ta buɗe mini ido. Saƙonni ba sa shigowa sai waya tana kan caji. Ke nan maganar ta batir ce.

Na zauna a kan turmi na shiga wajen saitin batir. Mu nan kowa yana barin tanadin batir a kunne, don ba ka san yaushe za ka sake samun caji ba, ni ma tun da na sayi wayar haka take, kuma bai taɓa hana saƙo shiga ba. Amma sabuntawar ta zo da wani sabon tsari. Ta ware wasu manhajoji ta sa su barci, ba sa motsi sai an buɗe su ko an jona caji. Ga imel ɗina nan a cikinsu, a kwance. Nan take na tuna ƙofar ƙarfen da ke bakin ƙaramin kanal ɗinmu: ruwa yana nan, ya taru a bayanta, amma gona ba ta ganin ɗigo sai mai juya ƙofar ya zo. Na cire imel daga cikin masu barci, na ba shi izinin aiki ba takura. Na leƙa wajen tanadin data, na tarar can ma an ɗaure shi, na sake shi.

Na yi wa ƙawata filashin, na kife wayar a kan tabarma, na naɗe hannu. Ba a jima ba sai ga ɗigon ruwan nan a kwano. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ta rubuto, "Idan wannan ma bai zo ba, na yi murabus."

Yaya ya ce, "Yanzu kuma batirinki zai riƙa zuba kamar buhun da ɓera ya huda." Na ce na yarda. Na rage hasken fuskar wayar, na daina sauraron waƙoƙi a hanyar makaranta, na bar mata aiki ɗaya tak, ta saurara mini.

Ranar da abin ya zo, Yaya ya yi sammako ya kai tumatir kasuwar Bunkure, ba wanda ya je gona, ba caji. Na dawo daga makaranta batir ya yi ja. Gwaggo ta shigo aron rariya, ta dubi wayar a gefena ta ce, "Har yanzu tana azumin magana?" Na ce, "Ta sha ruwa, Gwaggo, jira kawai muke." Zuciyata kuwa tana kan ɗan jan layin nan da yake ta ƙanƙancewa.

Ana idar da sallar la'asar, ina naɗe darduma, sai ta yi ƙara. Na duba. Hajiya ce: gobe da hantsi suna tafe. Na amsa mata cewa mun gani, muna jira. Saƙon yana fita, wayar ta ɗauke. Da a tsohon halinta take, da saƙon nan ya kwana a bayan ƙofa har motarsu ta sake tsayawa a gidanmu.

Na fito tsakar gida na ɗaga murya, ni da ba a san ni da ɗaga murya ba: "Inna, a ɗora ruwa!"

Kafin magariba unguwa ta ɗauka. Wannan ta kawo itace, waccan ta kawo ganga, Gwaggo da kanta take kwashe ƙaiƙayi daga kan ruwa tana cewa ai ita dama ta san yarinyar nan da kai. Da safe baƙi suka tarar da shinkafa ta sha ruwa daidai, ta kumbura, tururi yana tashi, bawonta yana tsagewa a hankali. Hajiya ta ɗebo kaɗan a tafin hannu, ta murza, ta shinshina, ta dubi idon Inna da hayaƙi ya rina, ta gyaɗa kai. Kafin damina ta faɗi, tukwanen suka iso unguwarmu.

Yau Inna tana turara shinkafarta hayaƙi yana bi ta bututu ya tafi sama, idonta ya washe, har ta koma saka zare a allura da kanta. Yaya kuwa idan wayata ta yi ƙara a gona, sai ya kife ta, da magariba ya miƙo mini yana kallon gefe ya ce, "An yi sallama da ke, ban amsa ba."

Abin da na koya shi ne, shiru ba ya nufin babu labari. Wani lokaci labarin ya iso tuni, yana tsaye a bayan wata ƙofa da aka rufe ba da saninka ba. Idan abin da ka saba da shi ya canja hali, kada ka tsaya zargin kanka ko zarginsa. Ka tambayi abin da ya canja, ka gwada abu ɗaya bayan ɗaya, ka kuma saurari duk wanda abin yake bi ta hannunsa, ko da ƙorafi yake yi. Tun daga ranar, duk lokacin da wayata ta sabunta kanta, ba na tsayawa kallon launukanta. Sai na je na duba wa ta sa barci.