Tuwon Dawa a Kwanon Mama Rut

Shekara goma sha ɗaya ina aikin kula da marasa lafiya a gidajensu a birnin nan na ƙasar Turawa, takardar gargaɗi ɗaya tak aka taɓa ba ni, kuma a kan tuwo aka ba ni ita. Har yau ban ce na yi laifi ba. Ranar ta ƙi fita daga raina, shi ya sa duk sabuwar da aka turo mini in koya mata aiki sai ta ji labarin, ko tana so ko ba ta so.

Ga wanda bai san aikin ba, ejensi ce, wato kamfanin da ya ɗauke mu aiki, ke tura mu. Kowane majinyaci yana da takardar tsari da nas ta rubuta, an manna a jikin firji: lokacin wanka, lokacin magani, irin abincin da zai ci. Mu masu kula mu ne a ƙasa, namu bi ne kawai. Ba ma kawo abinci daga waje, ba ma cin na majinyaci. Nas tana zuwa duk mako ta duba ta sa hannu.

Ana tsakiyar sanyi aka tura ni wani gida kusa da Fordham Road, hawa na huɗu, lif ɗin yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Majinyaciyar Baturiya ce mai suna Mama Rut, 'yar mishan. Ta yi shekara takwas a Sudan ta Kudu cikin Laarim, wasu makiyaya masu shanu da noman dawa a gindin duwatsu. Ta dawo ganin likita ne, shanyewar ɓarin jiki ta same ta a nan. Hannun dama ya mutu. Turanci ya gudu daga bakinta, abin da ya rage sai yaren mutanen can, wanda duk unguwar babu mai ji.

Matsalar ita ce ta ƙi cin abinci. Tsari ya ce a ba ta abinci markaɗaɗɗe da cokali. In na kawo cokalin sai ta datse baki ta juya ga bango. Mako uku muna haka. Ina fitowa tun asuba, in hau bas biyu, in hau bene da gwiwoyin nan nawa, in dafa, in zubar. Nas ɗinmu, Madam Karol, ta ɗora ta a sikeli wata Alhamis, ta ce mini, “Hajara, in mako biyu suka wuce a haka, robar ɗura abinci za a sa mata a ciki, a kai ta gidan tsofaffi.” Na san irin gidajen. Na yi aiki a ɗaya.

Ƙanin Mama Rut yana wani gari mai nisa. Ya ce mini ta waya akwai littattafan da ta riƙa rubutu a ciki, suna ƙarƙashin gado, in karanta mata ko za ta ji daɗi. Bai san da wa yake magana ba. Ni sai da na haura arba'in na fara riƙe fensir, a ajin manya, bayan na baro Zangon Kumasi da 'ya'ya uku. Har yanzu da yatsa nake bin layi. Amma na jawo littattafan, don zaman shirun ya ishe ni.

Rayuwarta ce a ciki, rana bayan rana. Da safe ta rubuta jimla uku a tafin hannu, ta tafi rijiya da jarka, duk wanda ta gamu da shi ta faɗa masa su. Mata su yi ta dariya, su sa ta maimaita. Ta yi niƙa a dutse har hannunta ya yi bororo. Zazzaɓi, zafi, kunama a takalmi. Wata shida, in ji ta, ba ta iya cewa komai ba sai “Mene ne wannan?” Na karanta wurin na ajiye littafin, don na san wannan kunyar, ta babba da aka mayar yaro a gaban mutane.

A littafi na biyu na ga abin. Ta rubuta cewa farkon zuwanta a ɗakinta take ci ita kaɗai da cokali. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta tambaye ta ko ciwo take yi, ko kuwa fushi take da su. Daga ranar ta koma cin kwano ɗaya da matan gidan, kuma a bakin kwanon nan ta koyi yawancin yaren. Ta ja layi ƙarƙashin maganar: ba za ta sake ci ita kaɗai ba.

Washegari na tsaya a shagon 'yan ƙasarmu na sayi garin dawa. Na yi tuwo mai ruwa-ruwa, ya fi kunu kauri kaɗan, da miyar kuɓewa ba yaji. Na zuba a kwano ɗaya, na jawo kujera gabanta, na wanke hannunta na wanke nawa. Ni Musulma ce, addininta nata ne. Na yi bismillah, ita ma ta motsa leɓe da tata addu'ar. Na fara ci ban kalle ta ba. Can sai na ga hannu ya shigo kwanon. Na hagu ne. A gidanmu da tuni an buge shi. Na kau da kai na ci gaba.

Ta ci loma biyar. Ta nuna kwanon ta faɗi wata kalma. Na maimaita, ta girgiza kai. Na sake, ta yi dariya da ɓarin bakin da ke motsi. Haka muka yi kwana shida.

Ranar Alhamis Madam Karol ta shigo ta tarar da hannuna cikin miya.

“Hajara, me nake gani?”

“Abinci muke ci, Madam.”

“Wa ya ba ki izini? In ta shaƙe fa? Kin san abin da ke kashe masu irin ciwon nan?”

“Na sani. Na san kuma abin da yunwa ke yi. Ki ɗora ta a sikeli tukuna.”

Ta ɗora ta. Nauyi bai ragu ba, karo na farko. Ta daɗe tana kallon sikelin, sannan ta ce, “Duk da haka sai na rubuta miki gargaɗi. Kuma daga gobe a koma cokali.” Ta rubuta, na sa hannu.

Ku ƙannena a aikin nan, kada ku ce na ce ku karya doka. Matar nan ba muguwa ba ce, shaƙewa gaskiya ce, kuma da na sanar da ita tun ranar farko da ya fi. Abin da na koya shi ne takardar jikin firji ta san abin da mutum zai ci, ba ta san yadda ya saba ci ba. Wannan mu ne muke zama da shi awa takwas har mu gano, kuma in ba mu kai shi sama da bakinmu ba, babu mai kai shi. Gargaɗin yana nan a fayil ɗina. Roba kuwa ba a taɓa sa wa Mama Rut ba.

Ranar na koma gida jiki duk ya mutu, ko takalmi da ƙyar na cire. Washegari da na idar da sallar asuba na yagi takarda, na rubuta da hannuna, layi a karkace, cewa a turo mai duba haɗiya ta ga tuwon da idonta, in ya yi a sa shi cikin tsari, tare da mai ci da ita. Na zuba tuwon a kula, na sa littafinta na biyu a jaka don su ga maganar da ta ja wa layi, na je na zauna a bakin ƙofar ejensi tun ba a buɗe ba.