Wana Hamidu Ba Mai Duba Ba Ne

Da damanar bana wana Malam Hamidu ya cika shekara arba'in da uku da rasuwa. Ni ne ƙaninsa Arzika, ni kaɗai na rage a ɗakinmu, kuma da tsufana na koyi boko a ajin manya, saboda haka ku yi haƙuri da rubutun. Har gobe in ka tambayi tsofaffin Illela wane ne Hamidu, za su ce maka ai mai duban nan ne. Bai taɓa duba ba. Lissafi yake koyarwa, kuma ni na ɓata masa suna da bakina.

A shekarun da Turawa suka fara kafa alamun iyaka tsakaninmu da Ƙonni, Hamidu yana can yana karatu gaban wani dattijo mutumin Agadas. Bayan fiƙihu, dattijon ya koya masa wani reshe na lissafi da Larabawa ke kira aljabaru, wato gano adadin da ba a sani ba ta hanyar wanda aka sani. Ya ce masa shi kaɗai ya samu ya bai wa, ya kuma sa shi ya yi alkawarin ba zai mutu da abin a cikinsa ba. Da wannan alkawari ya dawo gida. Ya sami mutum huɗu, duk magidanta da suka sauke Alƙur'ani, suna zama da shi a ƙofar gida bayan la'asar.

Yadda yake farawa da sabon ɗalibi shi ne ya ja layi a ƙasa. Ɗalibin ya ɓoye tsakuwa ƙarƙashin ƙwarya a dama, ya ajiye uku a gefenta, sannan ya jera daidai jimlarsu a hagu, a ce goma. Sai Hamidu ya ce gefen nan biyu daidai suke, kamar kaya a bayan jaki, abin da ka yi wa dama dole ka yi wa hagu, in ba haka ba kayan su zube. Ya ɗauke uku a nan, ya ɗauke uku a can. Ƙwarya ta tsaya ita kaɗai, bakwai na kallonta. A buɗe, a tarar da bakwai. Abin da ke ƙarƙashin ƙwaryar ba shi da wani suna a wurinsa, “abu” kawai yake ce masa. In ɗalibi ya ƙware, sai a daina kawo ƙwarya, a riƙa rubuta “abu” da yatsa a cikin yashi.

Ni fatauci na bi, albasa zuwa kudu, kanwa daga arewa, karatuna kuwa a izu biyar ya tsaya. Wata rana ya tsokane ni, ya ce in riƙe adadi a zuciyata, in ninka shi biyu, in ƙara huɗu, in faɗi abin da ya tashi. Na ce sha huɗu. Ya ce biyar na riƙe. Na zabura na ce yaya aka yi ya sani. Ya yi dariya, ya ce in ɗebe huɗun da na ƙara, in raba saura biyu, ba wani asiri a ciki. Bayanin ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan, mamakin ne kawai na riƙe.

Ranar kasuwa na zauna cikin fatake na buɗe baki. Na ce wana yana sanin abin da ke cikin ƙwarya ba tare da ya buɗe ba, yana sanin abin da ke zuciyar mutum, da yatsa kawai yake zana ƙasa. Alfahari nake yi da shi, Allah ya sani. Amma a ƙasarmu wanda ke zana yashi yana faɗin abin ɓoye, sunansa ɗaya ne, mai duba. Magana zarar bunu ce, kafin kasuwa ta watse labarin ya tsallaka iyaka.

Bayan kwana uku wata mata daga Araba, ana ce mata Hajo, ta zo da kaza a hannu ta durƙusa a ƙofar gida, ɗalibai suna zaune, ni ma ina tsaye.

“Malam, ɗana ya bi ayarin gishiri, shekara biyu ba labari,” in ji ta. “An ce kana sanin abin da ab ɓoye. Shina raye ko ya mutu?”

“Baiwar Allah, ba ni da wanga sani,” ya ce. “Tsakuwa nika ƙidaya. Gaibu sai Allah.”

Ta daɗe tana kallon zanen da ke ƙasa, sannan ta ce da matar sarki ce da ya duba mata. Ta ɗauki kazarta ta tafi tana kuka. Hamidu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Arzika, mi niy yi maka?”

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, shi ya doka. Rabin gari suka riƙa zuwa neman ɓataccen raƙumi da ɓarawon gero, suna komawa da fushi, wai rowar asiri yake yi. Ɗaya rabin, cikinsu har da malaman da yake ganin girmansu, suka ce ba a bin mai bugun ƙasa salla. Ya kira su, ya yi lissafin gabansu ƙwarya a buɗe, suka ce wannan na nuna wa mutane ne, na gaskiyar yana ɗaka. Ni ma na zaga ina ƙaryata kaina, aka ce rufa wa ɗan'uwa asiri nake yi. Ɗaliban nan huɗu suka zame ɗaya bayan ɗaya, wani surukinsa ya hana shi, wani tsoron bakin mutane. Shekara shida yana share ƙofar gida bayan la'asar, ba wanda ya zo, har zazzaɓi ya ɗauke shi.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farko muni. Ya bar takardu cikin gafaka, duk da rubutun hannunsa. Mutanen da suka guje shi da rai suka zo roƙon albarkarsu, ni kuwa na ji daɗi, na ce yau dai an san darajar wana. Na rarraba su falle falle, baduku ya ɗinke su layu. Ɗaya na riƙe wa kaina, na ɗaura a dantse saboda 'yan fashin hanya.

Yanzu ga makarantar boko an buɗe, nakan bi ta bayan aji in ji malami yana cewa abin da ka yi wa wannan gefe ka yi wa wancan. Harafi suke sawa inda Hamidu ke kifa ƙwarya, kuma duk sun yarda Bature ne ya zo da shi a jakarsa. Na taɓa gaya wa malamin cewa an yi wannan karatu a garin nan tun ba a haife shi ba. Ya ce, “To, Baba,” irin amsar da ake ba tsoho don ya wuce. Da Hamidu zai dawo, na san zai yi murna da jin karatun. Amma a bakin taga zai tsaya, don ba wanda zai ce masa ya shigo, kuma ko ɗaya cikin yaran bai karɓa daga hannunsa ba.

Me ya rage nasa? Sunan da ba nasa ba, da takardu a wuyan mutane daga nan har Ƙonni, ba mai buɗewa. Tawa layar bana fatarta ta ruɓe, takardar ta faɗo. Na kai wa limamin unguwarmu ya karanta mini, don Larabci ne. Ya ce darasi ne na mai farawa, abu da uku daidai suke da goma. Sannan ya matso da ita kusa da idonsa, ya ce akwai wani layi ƙarami a sama da ajami, ya karanta: “Na Arzika ne, in Allah ya sa wata rana ya zauna. Shi kaɗai ya rage mini.”

Liman ya tambaye ni ko in kira wani ya warware mini lissafin. Na ce a'a, wannan na sani, bakwai ne. Darasi na gaba ne ban sani ba, kuma ni na bayar aka ɗinke shi.