Shekarar Zulema ta Uku

A garin Oruro ba a shiga rawar bikin shekara haka kawai. Sai mutum ya durƙusa a coci gaban Uwarmu ta Bakin Rami, waliyyiyar garin, ya yi mata alkawarin rawar shekara uku a jere. Zulema Condori ta ɗauki nata tana da shekara goma sha bakwai. Ta cika biyu, sannan wani likita a birnin La Paz ya ce sankarar jini ce, kuma ta riga ta yi nisa.

Uwarta kunun jar masara take sayarwa a kasuwa, Zulema kuma tana soya fanken da ake haɗawa da shi. Ba ta yi fice a makaranta ba, ba a kuma taɓa tare ta a hanya don kyau ba. Abu ɗaya ta iya: in ganga ta tashi, ƙafarta ba ta kuskure.

Da labari ya bazu, unguwa ta cika da masu nasiha. Mai kemis ya ce ta more sauran kwanakinta. Tsohuwar malamarta ta kawo mata littafin wata yarinya mai irin ciwonta wadda ta zagaya duniya. Aka sa shi ƙarƙashin teburin kunu, don dama ƙafa ɗaya ta gaza. Doña Eulogia, shugabar ƙungiyar rawarsu, ta zo da furanni da mai hoto.

"'Yata, duk abin da ranki ke so, ki yi. Kada ki bar komai."

"Rawa nake so, Goggo. Saura ɗaya."

"Allah sarki," in ji Doña Eulogia, tana duban mai hoto ko ya ɗauka.

Ƙungiya tana da ƙa'ida: wanda bai zo gwajin ƙarshe ba, ranar Lahadin ƙarshe kafin biki, ba ya shiga layi. A wannan Lahadin Zulema tana La Paz ana ƙara mata jini don ta sami ƙarfin rawar. Ta dawo Talata, babu gashi a kanta, da kitson aro a jaka, ta wuce gidan shugaba.

"Ba ki zo gwaji ba," in ji Doña Eulogia.

"Ina asibiti. Ke kika raka mu tasha."

"Na sani mana. Amma ba ni na kafa ƙa'idar ba. Bara ma mun hana 'yar lauya, kuma kakarta ce ta rasu."

"Ki sa ni can baya, bayan masu ƙaho. Ko cikin masu shara."

"Ki faɗi a titi a ce mu muka kashe ki? Talabijin fa na ɗauka. Ki bari sai baɗi. Uwarmu ba ta gaggawa."

"Ita kam ba ta yi."

A ɗakin ciki keken ɗinki yana ta ƙara. Rigar rawar Zulema ce ake buɗe wa ƙugu saboda Nélida, 'yar ƙanwar shugaba. Nélida ta leƙo riƙe da takalman rawar Zulema.

"Ke ƙashi-da-rai, haka ƙafarki take kamar ta kaza? Sun matse ni."

"Ki rage yatsun," in ji Zulema.

Ranar Asabar, ranar biki, aka ba Zulema kujerar girmamawa a gaban 'yan kallo, da bargo. Da 'yan ƙungiya suka iso gabanta sai suka tsaya, duk suka cire huluna suka rusuna mata. Jama'a suka tafa wa Doña Eulogia. Zulema ta yar da bargon, ta bi ta ƙarƙashin igiya ta shiga titi. Ta yi taku goma sha wani abu, duk daidai da ganga, kafin ɗan sanda ya kama gwiwar hannunta cikin ladabi.

"'Yammata, 'yan kallo a bayan igiya suke."

Ta koma ta zauna tana haki. Ta ce wa uwarta, "Inna, in kin je coci ki gaya wa Uwarmu biyu na kawo da ɗan ɗori."

Ta rasu a watan Afrilu. Ƙungiya ta zo jana'iza da tutarta da masu ƙaho, an kuma yaba da tsarinsu. Wajen cin abinci wata tsohuwa ta tambayi yadda aka yi yarinya ƙarama ta tafi da wuri haka. Doña Eulogia ta ajiye cokali ta rage murya.

"Ba na son magana a kan mamaci. Amma uku ta yi wa Uwarmu alkawari, ba ta cika ba."