Hoton Kawu a Kan Babur

Kawuna, wan mahaifiyata, ya tsufa kafin ya mallaki babur. Shekara da shekaru a kan jaki yake zuwa gonarsa a bayan garin Kebbe, sai wata kaka wake ya yi kyau, ya dawo gida da jan babur, wani na tuƙi, shi kuwa yana baya. Da labari ya kai Tambuwal, abokansa na majalisa suka ce ai tura shi yake yi, in ya gaji ya jingine. Maganar ta tsaya masa a rai.

Lokacin ina koyarwa a Tambuwal, in an yi hutu nakan je Kebbe. Ɗan Kawu, taubashina, ya sayi kyamara a hannun wani alhaji, irin mai cin fim ɗin nan da ke saita gani da kanta. Ba ka murɗa komai. Ka ɗora abin da kake so cikin ɗan akwatin da ke tsakiyar gilashi, ta yi ɗan ƙugi, ta kama shi. Ya ɗauki kowa a gidan a tsaye, hotuna suka fita tas, har ya fara yi mana kallon ƙauyawa.

Wata safiya Kawu ya kira mu. "Hoto nika so," in ji shi, "amma bisa babur, ina gudu. A kai ma mutanen Tambuwal su gani."

"Baba, wagga kyamara ko tsuntsu ba ya tsere mata," in ji taubashina.

Na ce, "To, Allah ya sa ta ji abin da ka ce."

Muka fita hanyar rafi inda babu mutane sosai. Kawu ya sha babbar riga, ya naɗe ta a kafaɗa, ya tayar da babur. Gudun nasa kuwa, mai tafiya da sauri zai iya rakiyarsa suna hira. Sai dai ba ya tafiya a miƙe. Ya karkata hagu, ya dawo dama, yashi na jan tayar. Duk sanda taubashina ya sa shi a akwatin, kafin ya danna Kawu ya fice. Ana cikin haka wani Bafulatani ya biyo da garkensa, ya tsaya a bayan hanya, sanda a wuya, yana kallon ikon Allah. Kawu ya je ya dawo, ya je ya dawo, har fim ya ƙare.

A Sakkwato ake wanke hoto. Ranar da aka kawo hotunan, taubashina ya buɗe ambulan a zaure, na ga fuskarsa ta canza. Na karɓa. Shanun nan sun fita kamar ka shafa su, ana iya ƙirga zanen da ke jikin malafar makiyayin. A gabansu kuma wani farin hazo da jan hazo a ƙasansa. Wannan shi ne Kawu.

"Lallai kyamararka ta san abin da ya fi kyau a wurin," na ce masa. Ya harare ni.

Kawu ya miƙo hannu. Ya kai hoton kusa da ido, ya nisanta shi, muna jiran faɗa. Sai ya bushe da dariya. "Kun gani ko? Na'urar ma ta kasa kama ni! Wanga shi ne gudu." Washegari ya sa na tafi da hoton Tambuwal. 'Yan majalisa suka yi ta juya hoton, wani ya ce bai ga mutum ba, wani ya ce ai shi ne hujjar.

Taubashina dai abin bai yi masa daɗi ba. Ya koma wajen mai wankin hoto, aka nuna masa cewa rabin dannawa ake yi, a riƙe, a bi mai tafiya da kyamarar har ta kama shi, sannan a ƙarasa. Ya yi ta gwadawa a kan awaki har ya ƙware. Da hutu ya sake zagayowa ya lallaɓa Kawu muka koma hanyar rafi.

Wannan karon hoton ya fita tsaf. Ga Kawu, ido a waje, baki a buɗe, hula ta zamo kan kunne, ƙafafunsa biyu suna jan yashi.

Ya daɗe yana kallo, ya mayar wa ɗansa. "Kyamarar ga ta lalace," in ji shi. "Da can ta fi aiki."

Matar Kawu ce ta karɓe hoton, ta ce ita dai a nan ta gane mijinta. Ta soke shi a jikin madubin ɗakinta, inda duk mai shiga gaisuwa sai ya gani. Kawu ya yi ta cewa a cire, ba a cire ba, har ya gaji ya bar maganar.